Yadda Ake Dafa Kolkanon na Ƙasar Ailan Ba Tare da Madarar Shanu ko Nama Ba

Kolkanon, wanda ake rubuta sunansa colcannon, abincin gargajiya ne na ƙasar Ailan da ake yi da dafaffen dankalin Turawa, a murmushe shi tun yana da zafi, a haɗa shi da kabeji da albasa mai lawashi, sannan a zuba masa madara mai zafi da man shanu har ya yi laushi. Asalinsa abincin ƙananan manoma ne. Dankali ya fito ne daga Kudancin Amurka, ya isa tsibirin wajen ƙarshen ƙarni na 16, ya tarar da ƙasa mai danshi da sanyin da yake so, har ya zamana kafin shekarar 1845 kusan kashi ɗaya cikin uku na jama'ar ƙasar da shi suke rayuwa. Shi ya sa cutar da ta faɗa wa dankali a wannan shekara ta haddasa yunwar da ta ja har wajen 1852, wadda ta kashe mutum kusan miliyan 1, ta kuma tilasta wa wani miliyan ɗin ko fiye barin ƙasar. Duk da haka dankali bai bar tukunyar mutanen Ailan ba, kuma kolkanon yana cikin girke-girken da suka fi riƙewa, musamman a daren 31 ga Oktoba, lokacin bikin Halowin, inda a al'adance ake ɓoye zobe ko kwabo a cikin abincin, wanda ya tsinci zoben a ce aurensa ya matso.

Dalilan da ke sa mutum ya dafa shi da kayan tsiro zalla suna da yawa. Wani ya daina cin duk abin da ya fito daga jikin dabba, wani madarar shanu ce take ɓata masa ciki, wani kuma naman alade yake gudu, domin a can da shi aka fi cin kolkanon, har wasu gidaje a cikin ruwan da aka dafa naman suke tafasa kabejin. Ko mene ne dalilin, akwai abin da ya kamata a sani tun kafin a kunna wuta. Man shanun Ailan, wanda ake samu daga shanun da suke kiwon ɗanyar ciyawa a mafi yawan shekara, yana da maiƙo da ƙamshin da ke rufa wa mai girki asiri, ta yadda ko dankali ya sha ruwa, ko kabeji ya wuce lokacinsa a wuta, ba kowa ne zai gane ba. Idan aka cire shi, kowane kuskure a fili yake fitowa. Saboda haka nasarar wannan girki ta rataya a kan abu biyu: a fitar da ruwa daga jikin dankalin sosai, sannan a ba mai da madarar tsiro ɗanɗano tun kafin su shiga cikinsa.

Zaɓen dankali

Ba kowane dankalin Turawa ne ya dace ba. Akwai mai gari, wanda sitacinsa yake da yawa kuma ruwansa kaɗan, idan ya dahu sai ya tsage ya yi burtsi-burtsi. Akwai kuma mai ƙarfin jiki, wanda ko ya dahu yana nan a dunƙule, cikinsa da santsi da ɗan danƙo. Mutanen Ailan na farkon suke so, kuma cikin irin da suka saba saye akwai Rooster mai jan ɓawo, da Kerr's Pink, da Golden Wonder. Wanda yake zaune a Turai zai iya neman waɗannan da sunansu. A kasuwanninmu kuwa, inda dankalin yake zuwa daga Bokkos da Mangu da Barikin Ladi a Jihar Filato, ko daga lambunan Agadas a Nijar, galibi ba da sunan iri ake sayarwa ba, kuma irin Nicola da aka daɗe ana nomawa a Filato yana cikin masu ƙarfin jiki, ya fi dacewa da fate ko salak.

Akwai gwajin da ke raba gardama. A narkar da gishiri giram 120 a cikin ruwa lita 1, a jefa dankalin ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya nutse ya kwanta a ƙasa shi ne mai gari, domin yawan sitaci yana ƙara masa nauyi, wanda ya taso sama kuwa ruwa ya fi yawa a jikinsa. Idan an gwada duk ya taso, kada a fasa girkin, sai dai a ƙara kula da matakin busarwa da za a bayyana a gaba, a kuma rage madarar da za a zuba da kamar kwata. Tsohon dankali da ya ɗan kwana biyu a ajiye ya fi sabon haƙa, wanda ɓawonsa yake saluɓewa idan an murza shi da yatsa.

A zaɓi masu girma ɗaya, matsakaita, don su dahu tare. Duk wanda jikinsa ya yi kore ko ya fitar da tsiro, a yanke wurin da zurfi, idan koren ya yi yawa a yar da shi gaba ɗaya. Wannan launi alama ce cewa haske ya buge shi, kuma tare da shi wani sinadari mai ɗaci da ake kira solanin yake taruwa, wanda yake murɗa ciki kuma tafasawa ba ta kawar da shi.

Abin da zai tsaya a madadin madara da man shanu

A nan mutane suka fi yin asarar tukunya. Madarar waken suya ita ce ta fi kusa da ta shanu wajen kauri da maiƙo, amma da sharaɗin kada ta kasance mai sukari. Yawancin wadda ake sayarwa a kwalba ko a kwali don sha aka yi ta, an zuba mata sukari, wani lokaci har da ƙamshin banila, kuma cokali kaɗan daga cikinta ya isa ya mai da abincin wani abu dabam. A karanta jikin kwalin kafin a saya. Wanda yake da maƙwabciya mai sana'ar awara ya huta, domin abin da ake buƙata shi ne madarar da ta tace ta tafasa kafin ta zuba mata ruwan tsami. Mai son yin tasa kuma sai ya jiƙa waken suya giram 100 ya kwana, ya murje dusar, ya markaɗa da ruwa lita 1, ya tace da kyalle mai tsabta, sannan ya tafasa na minti 15 zuwa 20 yana juyawa, yana tsaye a kanta domin tana tasowa ta zube cikin ƙiftawar ido. Tafasawar nan ba ta son gaggawa, ita ce take kashe ƙarnin wake, take kuma lalata sinadaran da ke hana ɗanyen waken suya narkewa a ciki.

Wanda bai son waken suya yana da mafita mai kyau a 'ya'yan kashu. A jiƙa ɗanyen kashu giram 60, wanda ba a soya ba kuma ba a sa masa gishiri ba, a cikin ruwan zafi na rabin awa, a markaɗa shi da ruwa mililita 250 har sai babu sauran tsaki-tsaki. A ganina wannan ya fi kowanne ba da laushi, illarsa kawai tsada. Madarar kwakwa tana da maiƙo, amma ƙamshinta yana danne na kabeji da lawashi, kunun aya kuwa zaƙinsa ya fitar da shi daga lissafi. Idan babu ko ɗaya, ruwan da aka dafa dankalin da shi ma yana aiki, muddin an ƙara mai.

Sai batun maiƙo. Abin da ake kira bota a shagunanmu yawanci majarin ce da aka yi da man tsiro, sai dai kamfanoni da dama suna zuba mata garin madara don ɗanɗano. Wanda yake son kauce wa madara gaba ɗaya ya duba jerin kayan haɗin, ya nemi kalmomin milk, whey ko buttermilk, a kayan ƙasashen da ke amfani da Faransanci kuma lait ko lactosérum. Ya kuma duba yawan maiƙon, domin man shanu yana da kusan kashi 80 cikin 100, alhali wasu botocin shafawa a burodi rabinsu ruwa ne, kuma ruwa shi ne abin da ake ƙoƙarin korewa. Man zaitun ko man gyaɗa mai kyau suna maye gurbin bota, amma da yake su maiƙo ne zalla, babban cokali 5 ya isa inda za a sa bota giram 80. Manja ba ya shiga wannan girki ko kaɗan.

Awon kaya

Don mutum 4 zuwa 5 ana buƙatar dankali kilo 1, da kabeji giram 350, wato kamar rabin matsakaicin ƙulli, da albasa mai lawashi guda 6 zuwa 8, da babbar albasa 1. Ana buƙatar madarar waken suya ko ta kashu mililita 250, wanda ya yi daidai da gwangwanin madara ɗaya da rabi, da bota giram 80 ko mai babban cokali 5 don cikin dankalin, da ƙarin mai babban cokali 4 don suyar albasa da kabeji. Kayan ɗanɗano su ne gishiri, da masoro, da ɗan gyaɗar ƙamshi, da rabin lemon tsami. A Ailan wasu suna amfani da wani ganye ɗan'uwan kabeji mai duhun kore da ake kira kel, wanda ba ya yin ƙulli. Wanda ya same shi zai iya sa giram 250 a madadin kabejin. Wanda bai samu ba ya riƙe koren ganyen bayan kabeji da aka saba ɓarewa a yar, domin shi ne mai launi da ɗanɗano.

Mataki na farko: dafa dankali da ɓawonsa

A wanke dankalin sosai, a goge ƙasar da ta maƙale a idanunsa da soso, amma kada a fere shi kuma kada a yanka shi. Ɓawon ne yake hana ruwa ratsa shi, kuma haka ake dafa shi a gidajen Ailan tun da. A jera shi a tukunya, manyan a ƙasa, a zuba ruwan sanyi ya sha kansa da kamar yatsa biyu, a sa gishiri babban cokali 1. Dalilin farawa da ruwan sanyi shi ne zafi ya shiga a hankali, kada bayan ya dahu ya fashe alhali tsakiyar tana ɗanya.

Daga lokacin da ruwan ya tafasa a ƙirga minti 15. Sai a sauke, a tsiyaye kashi biyu cikin uku na ruwan, a bar kamar tsawon gaɓar yatsa a gindin tukunya, a rufe da murfin da ya kama sosai, a rage wuta ƙwarai, a bar tururi ya ƙarasa aikin. Wannan yakan ɗauki ƙarin minti 15 zuwa 25 gwargwadon girman dankalin, kuma wajibi ne a riƙa leƙawa don kada ruwan ya ƙone. Mai girki da gawayi ya janye rabin garwashin a wannan gaɓa. Ana gane ya dahu idan siririyar wuƙa ta shiga har tsakiya babu turjiya, kuma da an ɗaga ta dankalin ya zame ya faɗa. Idan mai gari ne za a ga ɓawon ya tsage, farin cikinsa yana leƙowa. Gara ya ɗan wuce da a sauke shi da saura, domin dankalin da bai dahu ba shi ne yake barin gudaji da babu abin da zai murƙushe su daga baya.

A tsiyaye sauran ruwan, a ajiye rabin kofi a gefe ko za a buƙace shi. A mayar da tukunyar kan wuta mai rauni a buɗe na minti 2, ana ɗan girgiza ta, sannan a sauke a shimfiɗa tsabtataccen kyalle a bakinta, a ɗora murfi a kai na minti 5. Kyallen yana shanye tururin da zai koma ruwa ya ɗiga a kan dankalin. Duk ruwan da aka kora a nan wuri ne aka buɗe wa madara da mai, kuma wanda dankalinsa ya taso a gwajin gishiri ya ninka lokacin busarwar.

Mataki na biyu: ba mai da madara ɗanɗano

Ana yin wannan ne yayin da dankali yake kan wuta. A yayyanka babbar albasar siri-siri, a zuba mai babban cokali 3 a ƙaramin kasko, a sa albasar da ɗan gishiri, a bar ta a wuta mai sauƙi na minti 15 zuwa 20 ana juyawa jefi-jefi, har ta yi laushi ta koma ruwan zuma. Kada a bari ta yi baƙi, domin ɗacinta zai bi man. A tsame albasar a ajiye, man kuma a bar shi a kaskon. Soyayyar albasa ba ta cikin kolkanon na asali, ƙari ne da rashin man shanu ya wajabta, tun da man tsiro shi kaɗai ba shi da wani ƙamshi da zai cika baki.

Sai a wanke albasa mai lawashi, a yayyanka ta ƙanana, a ware farin gindin da koren ganyen. A zuba madarar a ƙaramar tukunya tare da duk farin da rabin koren, da masoro rabin ƙaramin cokali, da gyaɗar ƙamshi ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka, da gishiri rabin ƙaramin cokali. A ɗora a wuta marar ƙarfi har sai ta fara ƙananan kumfa a gefe, a bar ta haka na minti 4, a kashe wuta a rufe. Tafasa mai ƙarfi tana iya tsinka madarar waken suya, kuma kada lemon tsami ya kusance ta a wannan mataki, in ba haka ba awara za a samu a tukunya. Sauran koren lawashin a zuba shi cikin man albasar nan tun yana da ɗumi, a bar shi ya jiƙu.

Mataki na uku: kabeji

A raba kabejin gida huɗu, a cire ƙashin tsakiya da manyan jijiyoyi, a yanka shi siri-siri, sannan a gitta wuƙa don kada zaren ya yi tsawon da zai riƙa rataya a cokali. A zuba mai babban cokali 1 a faffaɗar tukunya, idan ya yi zafi a zuba kabejin da ɗan gishiri, a juya na minti 1, a yayyafa ruwa babban cokali 3, a rufe na minti 3 zuwa 4. A buɗe, a ƙara wuta, a juya har ruwan ya ƙafe. Abin da ake nema shi ne ya yi laushi amma haƙori ya ji shi, launinsa kuma yana nan. Kabejin da ya daɗe a wuta yana sakin sinadaran farar wuta da ke jikinsa, daga nan warin da ke sa yara su ƙi shi yake fitowa. Ganyen kel ya fi tauri, saboda haka a zare jijiyarsa, a tafasa shi a ruwan gishiri na minti 5 zuwa 7, a tsane, a matse shi da hannu idan ya ɗan huce, sannan a daddatsa. Ko wanne aka yi amfani da shi, kada ya shiga dankali yana ɗigar ruwa.

Mataki na huɗu: ɓarewa da murmushewa

Dole ne a yi wannan tun dankalin yana ƙona hannu. A riƙe kowanne da kyalle ko a soke shi da cokali mai yatsu, a ja ɓawon da bakin wuƙa, zai biyo cikin sauƙi. A riƙa mayar da ɓararren cikin tukunya mai ɗumi. Idan dankali ya huce sitacinsa yana ɗaurewa, ba ya murmushewa da kyau kuma ba ya shan madara.

A nan ne hannun da ya saba da girkin gida yake buƙatar a ja masa birki, domin zai so ya kirɓa dankalin a turmi kamar sakwara, alhali abin da ake nema kishiyar sakwara ne. Sitacin dankali yana ƙunshe ne a cikin ƙananan ƙwayoyi da suka kumbura da zafi. Idan aka raba su a hankali sai abincin ya yi sakayau yana narkewa a baki, idan kuwa aka fasa su da duka ko tuƙi, sitacin ya tsiyayo waje ya zama danƙo mai yauƙi, kuma babu hanyar mayar da shi. Don haka babu turmi, babu tuƙi da muciya, babu kuma blenda, wadda ita ce ta fi kowanne ɓarna. A yi amfani da abin murƙushe dankali mai ramuka idan akwai, ko cokali mai yatsu babba, ana dannawa daga sama zuwa ƙasa ana matsawa gaba, ba tare da komawa wuri ɗaya sau da yawa ba. Wanda yake son laushi na musamman ya tura dankalin ta cikin rariyar ƙarfe da bayan ludayi, sau ɗaya tak.

Mataki na biyar: haɗawa

Maiƙo ne yake fara shiga. A zuba botar ko man a kan dankalin mai zafi, a juya a hankali har ya ɓace, domin idan mai ya riga ya lulluɓe sitacin, madarar da za ta biyo baya ba ta sa shi danƙo da sauri. Sai a sake ɗumama madarar idan ta huce, a zuba rabinta tare da lawashin da ke ciki, a juya daga ƙasa zuwa sama. A ci gaba da ƙarawa kaɗan-kaɗan ana dubawa. Ba lalle ne ta shige duka ba, tun da dankali ya bambanta wajen shan ruwa. Kaurin da ake so shi ne idan aka ɗebo da cokali aka kife, ya tsaya ɗan lokaci kafin ya faɗo, kuma idan aka tara shi a faranti ya riƙe tudunsa.

Daga nan a zuba kabejin da soyayyar albasar, a juya sau kaɗan, iyakar yadda za su bazu. Yanzu ne lokacin ɗanɗanawa. Man shanun da ake ci da shi a Ailan yawanci mai gishiri ne, saboda haka wanda ya yi amfani da man zaitun ko man gyaɗa zai ga yana buƙatar ƙarin gishiri fiye da yadda ya zata. Idan gishiri ya ji amma har yanzu abincin yana da lami, a ɗiga lemon tsami rabin ƙaramin cokali, a juya, a sake ɗanɗanawa. Ba a so a ji lemon, aikinsa kawai ya farkar da sauran kayan. Ba na ba da shawarar dunƙulen ɗanɗano a nan, da yawansu akwai kitsen kaza ko na sa a ciki, kuma ko wanda babu, yana mai da kowane abinci ɗanɗano ɗaya. Wanda bakinsa ya saba da attarugu ya haƙura ya ajiye yajinsa a gefen faranti, kada ya zuba a tukunya, don a fara jin abincin yadda masu shi suka san shi.

Mataki na shida: zubawa

Kolkanon ba ya jiran mutane, gara mutane su jira shi. A ɗauraye kwanon da za a zuba da ruwan zafi a goge, a tara abincin ya yi tudu, a danna bayan cokali a tsakiya a yi rami. A al'adar Ailan a cikin wannan rami ake ajiye curin man shanu ya narke, kowa ya ɗebo daga gefe ya tsoma. A nan sai a zuba man albasar da aka jiƙa wa lawashi, wanda zuwa yanzu ya ɗan yi kore yana ƙamshi, ko a sa curin bota a bar zafin ya narkar da ita. Idan dole ne a jinkirta, a ɗora tukunyar a rufe a kan wata tukunya mai ruwan zafi, zai iya kai rabin awa bai canza ba.

Gurbin naman da aka cire yana buƙatar abu mai gishiri da ɗan tauri, tun da kolkanon laushi ne daga farko har ƙarshe. Soyayyar awara da aka barbaɗa wa gishiri da masoro ta dace ƙwarai, kuma tana kawo sinadarin gina jiki da dankali da kabeji ba su da shi da yawa. Naman kaza, wato tsiron nan mai kama da laima, wanda aka soya a wuta mai ƙarfi har ya yi ja shi ma yana tafiya da shi, amma na gona da ake sayarwa a kanti, kada a tsinto na daji. Farin wake da aka dafa da albasa ya yi romo kaɗan shi ne mafi araha a cikinsu.

Idan an samu tangarɗa, da abin da ya rage

Idan abincin ya yi ruwa, a mayar da shi wuta mai rauni a buɗe, ana juyawa a hankali har tururi ya rage shi, ko a baza shi a faranti mai jure zafi a gasa na minti 15. Idan ya yi tauri, a ƙara madara mai zafi ko ruwan dankalin da aka ajiye, cokali-cokali. Idan kuwa ya yi danƙo, ƙarin madara ba ya gyara shi, ƙarin juyi kuma ƙara ɓata shi yake yi, mafita ita ce a bar shi ya huce a soya shi kamar yadda ake yi wa ragowa.

Ragowar kolkanon ta shiga firiji kafin awa 2 da saukewa, a cinye ta cikin kwana 3. Inda zafi yake da yawa kuma wutar lantarki ba ta da tabbas, ya fi kyau a dafa daidai ci, domin dafaffen dankali da madarar waken suya ba sa jure kwana a waje. Wadda ta kwana a firiji ta fi daɗi a soye. A kan kowane giram 400 a zuba fulawa babban cokali 5, a cakuɗa sama-sama, a shafa fulawa a hannu, a mulmula a faffaɗa su su yi kaurin yatsa. A zuba mai kaɗan a kasko, iyakar abin da zai rufe gindinsa, idan ya yi zafi a jera su da tazara, a rage wuta zuwa matsakaiciya. Kada a taɓa su sai bayan minti 4, lokacin da ƙasan ya yi ɓawo mai ja ya saki kaskon da kansa, domin juyawa da wuri ita ce take sa su wargaje. A juya ɗaya gefen ya sami minti 3 zuwa 4, a tabbatar tsakiyar ta yi zafi sosai, sannan a tsame a kan takarda ta shanye man.